Idan Aiki Ya Tsaya a Kan Tarin Ƙananan Kwamfutoci

 Shirin yau na masu haɗa na'ura da hannunsu ne: ɗaliban sashen kwamfuta, malamansu, da duk wanda ya taɓa raba dare gaban allo yana jiran aikin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Wanda ke da biro da takarda a kusa ya jawo su, akwai 'yan lambobi da kalmomi da zan so a rubuta.

Akwai wata 'yar kwamfuta mai suna Raspberry Pi, girmanta bai wuce katin cirar kuɗi ba, kuma duk kayan cikinta a kan faranti ɗaya suke. Wata gidauniya ce a Kambirij ta ƙasar Ingila ta fito da ita a 2012, domin yara su samu abin koyon rubuta manhaja mai arha. Ba a rufa shekara ba sai ga Farfesa Simon Cox da abokan aikinsa a Jami'ar Southampton sun jera guda 64, sun haɗa su da waya, sun sa su yin lissafi ɗaya tare. A 2017 cibiyar bincike ta Los Alamos a Amurka ta haɗa 750, domin masu rubuta wa manyan kwamfutoci manhaja su samu wurin gwaji ba tare da sun tare babbar na'urar ba. Yau ɗalibin da ke da huɗu ko biyar a kan teburinsa zai iya bin sahunsu. Sai ya ɗora musu Apache Spark, manhajar rarraba aikin sarrafa bayanai da aka fara a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 2009, ya zuba ta cikin kwantenonin Docker. Kwantena a nan shi ne a ƙunshe manhaja da duk abin da take buƙata wuri ɗaya, a keɓe ta a cikin na'ura, a yanka mata iyakar ram ɗin da za ta ci, a ba ta adireshinta daban. Wasu kan ƙara da k3s, ƙaramin nau'in Kubernetes da kamfanin Rancher ya fitar a 2019, shi kuma ya riƙa rarraba kwantenonin a kan na'urorin.

Haɗawar ba ta da wuya sosai. Wuyar tana zuwa ranar da ka tura aiki, ya yi minti goma yana tafiya, sai allo ya cika da rubutun kuskure.

Tsarin Spark kamar gayya yake. Akwai mai gayya, wanda Spark ke kira direba. Shi ke raba kunyoyi, shi ke lissafin wanda ya gama da wanda bai gama ba. Akwai 'yan gayya, su ne ma'aikatan da ke kan kowace na'ura. Idan ɗayansu ya ɓace a tsakiyar gona, iyakar abin da mai gayya ya sani shi ne an bar masa kunya ba a nome ba. Ko fartanya ce ta karye, ko ƙishirwa ce ta kayar da mutum, ba shi da labari, don ba ya wurin. To rubutun nan da ya cika maka allo daga bakin direba ya fito. Bugu da ƙari, Spark kan sake gwada guntun aikin da ya faɗi, sai ya faɗi sau huɗu kafin ya haƙura. Ka ga saƙon da kake karantawa labarin faɗuwa ta huɗu ne, ta yiwu ma a kan na'urar da ba ita ta fara jawo matsalar ba. Saboda haka, ɗan'uwa, kafin ka kwafi saƙon nan ka watsa shi a intanet kana neman magani, nemi sanin a kan wace na'ura abin ya faru, da ƙarfe nawa, kuma wa ya kashe ma'aikacin.

Ba za ka san wannan ba in ka bari shaida ta salwanta. Shafin da Spark ke buɗewa a ƙofa mai lamba 4040, inda kake ganin kowane zangon aiki da na'urar da ta yi shi, yana mutuwa ne tare da aikin. Ka kunna saitin nan spark.eventLog.enabled tun kafin ka fara, sannan ka tayar da sabar tarihi, wadda ke ƙofa ta 18080, sai ka iya komawa ka duba aikin jiya a tsanake. Masu amfani da Kubernetes kuma su sani, Spark kan goge kwantenan ma'aikaci da zarar ya mutu, kundin rahotonsa ya tafi tare da shi. Akwai saitin da ke hana wannan gogewa, deleteOnTermination. A kashe shi muddin ana bincike.

Da shaida a hannu, ni a ganina a fara daga soket, kafin a buɗe ko layi ɗaya na manhaja.

Raspberry Pi 4 tana buƙatar bolt 5 da amfiya 3. Abin da mutane da yawa ke yi shi ne su samo caja ɗaya mai baki huɗu ko shida, su sayo wayoyin caja sirara na bakin titi, su jona duka na'urorin a kai. Za su tashi lafiya kalau, fitila ta kama, ka shiga kowacce ka gan ta garau. Ai ba aikin da suke yi. Amma Spark ba ya lallaɓa na'ura: a daƙiƙa ɗaya yake ɗora wa duk ƙwaƙwale huɗu na kowace Pi kaya, dukansu su ja wuta lokaci guda. Idan ƙarfin wutar ya sauka ƙasa da bolt 4.63, Pi kan rage gudun kanta don kada ta mutu, daga megahaz 1500 tana iya sauka har 600. Wani lokaci ma ta mutu ta sake tashi ba wanda ya lura. A can sama kuwa, ma'aikaci kan aika wa direba alamar yana raye duk daƙiƙa 10, in direba ya yi daƙiƙa 120 bai ji ɗuriyarsa ba sai ya rubuta cewa ya ɓace. Saƙon zai yi maganar katsewar sadarwa, ɗalibi ya shafe mako yana canza saitin sadarwa, alhali wayar caja ce ta naira kaɗan.

Ku rubuta wannan umarni: vcgencmd get_throttled. A kan ita Pi ɗin ake buga shi, a wajen kwantena. In ta amsa da 0x0, wuta da zafi ba su taɓa ta ba tun da ta tashi. In ta ce 0x50005, yanzu haka wuta ta gaza kuma an rage mata gudu. In ta ce 0x50000, yanzu lafiya lau, amma abin ya faru a baya. Wannan amsar ce ta fi amfani, don ita ke tona asirin abin da ya auku kana barci. A buga shi a kan kowace na'ura, kada a tsaya a guda ɗaya.

Zafi ma haka yake yi. Pi kan fara rage gudu a digiri 80, a 85 ta taka birki sosai. Wanda ke Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai a watan Afrilu, inda iskar ɗaki kanta ke haura digiri 40, ba shi da rarar da mai zama a Ingila ke da ita. In an jera farantan ɗaya bisa ɗaya, ta tsakiya ce ke dahuwa. Alamarsa ita ce aiki ɗaya ya yi sauri da asuba ya yi nawa da azahar, ko kullum na'ura ɗaya ce ke gamawa a ƙarshe. Fanka, da ƙarfen shan zafi, da goge ƙurar hunturu daga kansu sun isa.

Akwai kuma agogo. Kafin Pi 5, wadda ta fito a 2023, waɗannan na'urori ba su da agogo mai batir a jikinsu. Daga intanet suke karɓar lokaci. In aka ɗauke wuta aka dawo da ita ba intanet, kowacce sai ta tashi da lokacin da ta tuna na ƙarshe. Daga nan rahoton wannan ba zai dace da na waccan ba, tambayar nan ta "da ƙarfe nawa" ta rasa amsa, Kubernetes kuma yana iya ƙin karɓar takardar shaidar wata na'ura, ya ce lokacin aikinta bai zo ba tukuna. A saya wa guda ɗaya ɗan faranti mai agogo da batir, a sa sauran su riƙa daidaita lokacinsu da ita.

Masu saurare, idan yanzu kuka murɗo akwatin rediyonku, muna magana ne a kan gano abin da ke hana aikin sarrafa bayanai tafiya a kan tarin ƙananan kwamfutoci.

Mu hau zuwa kwantena. Idan ya mutu tun bai tashi ba, yana cewa exec format error, kada ka wahalar da kanka: ƙunshin da ka sauko da shi an gina shi ne don ƙwaƙwalwar Intel ko AMD irin ta laftof ɗinka, Pi kuwa ARM ce. ARM ɗin ma iri biyu ne. Ka buga uname -m. In ka ga armv7l tsarin 32 kake kai, in ka ga aarch64 yawanci tsarin 64 ne. Sai a watan Fabrairun 2022 Raspberry Pi OS mai tsarin 64 ta fito a hukumance, don haka tsohon katin da aka ɗauko daga aljihun tebur kan zo da na 32, ya shiga cikin tari, aiki ya riƙa tafiya wata rana ya faɗi wata rana, gwargwadon inda kwantena ya sauka. Haka ma in Python na direba da na ma'aikata ba tsara ɗaya ba ne, Spark zai ƙi aiki, amma wannan yakan faɗa ƙarara.

Wanda ya fi cin rai shi ne aikin da bai faɗi ba kuma bai fara ba. Yana nan zaune yana maimaita gargaɗi ɗaya: Initial job has not accepted any resources. Abu biyu ke kawo shi, kuma ba su da alaƙa da juna. Ɗaya lissafi ne kawai. In ba ka saita komai ba, kowace na'ura kan miƙa wa Spark duk ram ɗinta ban da gigabait 1, amma ba ƙasa da gigabait 1 ba, shi kuma ma'aikaci kan nemi gigabait 1 cif. A kan Pi mai gigabait 2, abin da Linux ke gani bai kai biyun ba. Cire ɗaya, saura bai kai ɗaya ba, don haka gigabait 1 kacal za ta miƙa. In ka sa ma'aikaci ya nemi fiye da haka, ba na'urar da za ta iya ɗaukar ma'aikaci ko guda, direba ya zauna jira har abada. Ka rage abin da ma'aikaci ke nema, amma ka sani Spark ba ya yarda a sauka ƙasa da megabait 450, don yakan ware 300 wa kansa.

Ɗayan kuma adireshi ne. Mutane na zaton direba ne kaɗai ke kiran ma'aikata. A'a, su ma dole su iya kiransa. Direban da ke cikin kwantenan Docker kan sanar da adireshinsa na ciki, irin su 172.17.0.2, wanda ba shi da ma'ana sai a kan na'urar da yake. Ma'aikacin da ke wata Pi ya kira wannan adireshi, ya faɗa cikin nasa Docker ɗin, ba kowa. Ya mutu, a tayar da wani, shi ma ya mutu. In ka duba shafin da ke ƙofa ta 8080 za ka ga lambobin ma'aikata na ta hawa ba tsayawa. Saitin spark.driver.host shi ke gaya wa direba adireshin da zai sanar, spark.driver.bindAddress kuma inda zai saurara. A bincika fayil ɗin hosts ma, domin a dangin Debian sunan na'ura kan koma 127.0.1.1, wato ita kanta. Kuma a ba kowace Pi sunanta. In duk sun ci gaba da amsa sunan raspberrypi da suka zo da shi, k3s ba zai bambance su ba.

Yanzu ga inda nake so mu ɗan daɗe, don nan aka fi yin gyaran da ke ƙara ɓata lamari. A ce aiki ya fara, ya yi nisa, sai ma'aikaci ya mutu saboda ƙarancin ram. Wannan mutuwa iri biyu ce, maganin ɗaya kuma kishiyar maganin ɗayar ne.

Spark a kan Java yake gudu, Java kuma tana da rumbun da aka yanka mata. In rumbun ya cika, Java da bakinta za ta yi ƙorafi, ka ga OutOfMemoryError a kundin ma'aikacin, da dogon bayanin inda abin ya faru. Wannan na nufin guntun aikin ya fi ƙarfin rumbun: ko a faɗaɗa rumbun, ko a ƙara yawan gutsattsarin don kowanne ya ƙanƙance.

Ɗayar mutuwar ba ta da ƙorafi. Kundin ma'aikaci ya yanke a tsakiyar layi, sai lamba 137 kawai. Ku rubuta ta. Ita ce 128 a tara da 9, tara kuwa ita ce siginar kisa nan take, wadda ba a ba manhaja damar cewa uffan. Yawanci Linux ne da kansa ya yi kisan, don kwantena ya wuce iyakarsa ko na'urar gaba ɗaya ta ƙare da ram. Ka buga dmesg a kan wannan Pi za ka ga layin da ya ambaci wanda aka kashe. A Kubernetes kuma kubectl describe pod zai nuna OOMKilled. Dalili shi ne Java ba rumbun nan kaɗai take ci ba, tana cin wani abu a wajensa, in kuma da Python kake aiki shi ma yana cin nasa daban. Shi ya sa a Kubernetes Spark kan ƙara kashi 10 cikin 100, ko aƙalla megabait 384, a kan abin da ka nema. Aikin Python kuma kashi 40. Ma'aikacin gigabait 1 da ba na Python ba ke nan ya zama megabait 1408, kafin a yi maganar abin da Linux da k3s za su ci. Ɗalibi ya ga an ce ram ya ƙare, sai ya ƙara wa rumbun Java girma, abin da ya rage a waje ya ƙara tsukewa, ma'aikaci ya riƙa mutuwa da wuri fiye da da. Daidai shi ne a rage rumbun, a bar sarari a wajensa, kuma a rage yawan gutsattsarin da na'ura ke yi a lokaci ɗaya. Ƙwaƙwale huɗu a kan gigabait 2 rabin gigabait ke nan kowacce tun ba a cire komai ba. Sau da yawa in ka ba ma'aikaci ƙwaƙwale biyu kawai, aikin ya fi saurin kaiwa ƙarshe, tunda ba ya faɗuwa yana sakewa.

Wannan duka ya dogara ga Linux ya san iyakar kwantena. A Raspberry Pi OS sai an ƙara cgroup_memory=1 da cgroup_enable=memory a fayil ɗin cmdline.txt, a kan layin da ke nan, kada a buɗe sabo, sannan a sake tayar da na'ura. Tsohuwar Java 8 kuma, wadda ta gabaci 8u191, ba ta ganin iyakar kwantena. Ram ɗin na'urar duka take aunawa ta ɗebi rabonta.

Saura zangon musaya. Duk lokacin da ka ce a tara bayanai bisa wani suna, ko a haɗa tebur biyu, dole kowace na'ura ta rubuta abin da ta samu a faifai, sauran su zo su ɗiba ta waya. Faifan Pi kuwa katin memori ne, wanda aka ƙera don hotuna da waƙoƙi, yana da rauni ƙwarai wajen ƙananan rubuce-rubuce barkatai. In katin jabu ne, ko ɗaukewar wuta ta taɓa lalata shi, Linux na iya kulle shi ya hana rubutu, sai ka ga FetchFailed a wurin maƙwabciyarta da ta zo ɗiba. Nan ma wadda ta yi kuka ba ita ce mai ciwon ba. Saƙon na ɗauke da adireshin wadda aka kasa ɗiba daga gare ta, can za ka je. A Pi 4, a jona faifan SSD ta USB 3, a nuna wa spark.local.dir can, a tabbata kuma an shigar da wannan wuri cikin kwantena, in ba haka ba rubutun zai koma kan kati ba ka sani ba. Sai dai a tuna, SSD ma wuta yake ja. Wanda ke da Pi 3 kuma ya sani layinta megabit 100 ne, ga shi ta hanyar USB 2 yake bi. Sai a Pi 4 aka samu gigabit na gaskiya. Pi 3 ɗaya a cikin tari ta isa ta riƙe sauran duka a zangon musaya.

A nan zan ɗan ratse. A 2015 Frank McSherry da abokan bincikensa biyu sun nuna cewa a wasu ayyukan lissafi laftof ɗaya, da manhaja mai kyau, ta riga tarin manyan sabobi gamawa. Don haka kada ran ɗalibi ya ɓaci in laftof ɗinsa ta fi tarin Pi ɗinsa sauri. Amfanin tarin shi ne matsalar da sai bayanai sun kai terabait ake ganinta a babbar cibiya, a nan gigabait biyu sun isa su fito da ita, a kan teburinka, inda za ka iya taɓa na'urar ka ji zafinta.

Sai yanzu muka iso manhajar da ka rubuta. Spark kan raba zangon musaya gida 200 in ba a ce masa komai ba. Ka duba shafi ka ga 199 sun gama cikin daƙiƙu, ɗaya ya maƙale. Ka lura da wannan: in kullum a na'ura ɗaya yake maƙalewa, koma kan wuta da zafi da kati. In kuwa yau yana kan wannan gobe yana kan waccan, to bayanan ne suka karkace. Misali kana tara rajistar ciniki bisa sunan gari, ashe rabin layukan ba a cike gurbin gari ba. Duk waɗannan za su taru a gida ɗaya, su faɗa kan Pi ɗaya. A shafin zango akwai tebur da ke nuna matsakaicin abin da kowane guntu ya karanta da mafi yawa. In tazarar ta yi yawa, ka kama ɓarawonka. A tace layukan da ba su da suna tun farko, ko a yi musu lissafi daban. In kana haɗa babban tebur da ƙarami, ka sa a aika wa kowace na'ura kwafin ƙaramin, babban ya zauna inda yake, ba sai an yi musaya ba; Spark kan yi haka da kansa in ƙaramin bai wuce megabait 10 ba. Daga Spark 3.2 kuma tsarin da ke sake fasalin aiki yana cikin tafiya a kunne yake zuwa, yana iya farfasa gidan da ya kumbura wajen haɗa tebura. Duk wanda ka gwada cikin waɗannan, ka gwada shi shi kaɗai, a kan ƙaramin fayil, ka rubuta a takarda abin da ka canza da tsawon lokacin da aikin ya ɗauka, kafin ka taɓa na gaba.

Lokaci ya cim mana. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda ake haɗa wa irin wannan tari batir da sola, yadda zai kashe kansa cikin tsari kafin wuta ta ƙare.